Boxer, Honda ko ɗan Caina: wane babur ne ya fi ƙarko, wanne kuma ya ci kuɗinsa?

Da wuya ka yi rabin awa a rumfar mai gyaran babur, a Kano ne ko Gusau ko Maraɗi, ba a tayar da musun wane mashin ya fi ba. Ɗan acaɓa zai rantse bayan Boxer babu babur. Dattijon da ya fara hawan Honda tun zamanin Udoji zai ce duk na yanzu gwangwani ne. Ma'aikacin da ke zuwa ofis a kan Haojue, ɗan Caina, kuma bai ga dalilin da zai sa ya biya ƙarin kuɗi saboda suna kawai ba. Abin da ke hana musun ƙarewa shi ne ana cakuɗa tambayoyi uku a mayar da su ɗaya: wanne ya fi ƙarko, wanne ya ci kuɗinsa, wane kamfani ne kuma ya fi fito da sabuwar fasaha. Wanda ya yi zarra a ɗaya ba lalle ne ya yi a sauran biyun ba.

Dattijon nan yana da hujja. Lokacin da gwamnatin Gowon ta yi ƙarin albashin Udoji a 1974, malaman makaranta da akawu da ma'aikatan asibiti suka yi ta sayen babura, kuma galibin abin da ke kasuwa na Japan ne: Honda, Yamaha, Suzuki, sai Vespa ta Italiya ga masu son zaman mutunci. Japanawa sun shigo ne da zafinsu, domin a daidai lokacin suka gama kayar da Ingila. A shekarun 1950 BSA ta Birmingham ce kamfanin babur mafi girma a duniya. A 1969 Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, mai tashi da maɓalli, mai birkin faifai a gaba, wanda kuma ba ya ɗigar da baƙin mai a tsakar gida kamar na Ingila. Kafin 1973 ta ƙare, BSA ta durƙushe an haɗe ta da wasu. Ba ƙarfin gudu kaɗai ya ba Japan nasara ba. Sun iya yanka ƙarfe daidai wa daida, ta yadda fistin na dubu ɗaya da na dubu goma duk awonsu ɗaya ne, kuma wannan daidaito shi ne tushen ƙarko a kowane inji.

Amma in ana maganar fasahar da ta shafe mu, babura biyu ne na Honda suka fi CB750 muhimmanci nesa ba kusa ba. Na farko Super Cub ne, wanda Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa suka fitar a 1958: ƙaramin inji mai bugu huɗu, giya ba tare da matsa kuloci da hannu ba, da roba mai kare ƙafa daga taɓo. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai wa nan. Duk mashin ɗin da muke kira roba-roba, ko wane suna aka rubuta a jikinsa, daga wannan zane ya samo asali.

Na biyun, CG125, labarinsa ya fi cancantar a tsaya a kansa. A farkon shekarun 1970 ƙananan baburan Honda suna ta mutuwa a ƙasashe masu tasowa, alhali a Japan lafiya lau suke. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyi suka zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Iran da Pakistan don su gani da idonsu. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne a wurinmu: mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya, kaya kamar na jaki, baƙin mai ya koma kamar kwalta ba a juye ba, kuma ba a kai mashin wurin gyara sai ya tsaya cak. Injin da suke sayarwa a lokacin, kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul ta rufe, a can saman kan inji take, sarƙa ce ke juya ta, kuma tana buƙatar mai mai tsafta ya hau ya same ta a kai a kai. Da zarar mai ya yi datti ko ya ja baya, saman injin ne ke fara cinyewa.

Injiniyoyin ba su tsaya koya wa mutane juyen mai ba. Sai suka sauya injin. Suka sauko da kamshaf ƙasa inda mai yake kwance, suka sa haƙoran giya ne ke juya ta maimakon sarƙa, sannan wasu 'yan sanduna biyu suke ɗaukar motsin zuwa sama su buɗe bawul. Suka sa matacin iska na soso wanda za a wanke a mayar. A takarda wannan koma-baya ne, domin injin mai sanduna ba ya jure juyi da sauri kamar mai kamshaf a sama, kuma ya fi shi ƙara. A kan hanya kuwa ya zama injin da ke yafe wa mai shi sakaci. Ya fito a 1975, aka fara ƙera shi a Manaus ta Brazil a 1976, kuma har yau Atlas Honda na ƙera shi a Pakistan. A ganina, a duk tarihin babur babu wata dabarar injiniya da ta amfani talaka kamar wannan, duk da cewa ba za ka gan ta a jerin abubuwan da mujallun Turai ke yabo ba.

Daga nan ne ƙasar Sin ta shigo. Kamfanoninta ba su ɓata lokaci wajen ƙirƙira ba, sun ɗauki zanen da aka riga aka gwada: injin CG, injin Cub, da AX100 na Suzuki mai bugu biyu, wanda Jincheng ta birnin Nanjing ta cika kasuwanninmu da irinsa. Wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 zai tuna shuɗin hayaƙin da ke turnuƙe titunan Kano da yamma. Injin mai bugu biyu yana ƙona mai na musamman tare da fetur, kayan cikinsa kaɗan ne, yana da zafin tashi, gyaransa ba wuya, amma yana shan fetur kuma zobban fistin ɗinsa ba sa daɗewa. 'Yan kasuwar Nnewi ta jihar Anambra suka riƙa shigo da babura a wargaje suna haɗawa a gida, farashi ya faɗi warwas. Mutumin da a da keke kaɗai yake iya saya ya wayi gari da mashin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ke zagin ɗan Caina ya kamata ya tuna da shi.

Kuskuren da ake yi shi ne a zuba dukkan baburan Sin a kwando ɗaya. Haojue, wadda ke Jiangmen a lardin Guangdong, ta daɗe tana ƙera wa Suzuki babura, kuma tsarin duba ingancinta daga can ta koyo shi. Loncin ta Chongqing tana ƙera wa BMW injuna. CFMoto tana aiki da KTM ta Ostiriya. Masana'antar da BMW ta yarda ta sa sunanta a kan injinta ba za a ce ba ta iya ƙarfe ba. A gefe guda kuma akwai ƙananan masana'antu da za su buga maka kowane suna kake so a jikin tanki, su rage kaurin ƙarfen firam, su sa wayoyi sirara da boris mai arha, daidai kuɗin da mai oda ya ce zai iya biya. Sau da yawa ba Basinen ne ya zaɓi ƙaramin inganci ba, ɗan kasuwarmu ne ya je ya ce a rage masa. Araha dai ba ta ado. Irin wannan mashin yakan yi kyau wata shida, daga nan sai robobi su fara kakkaryewa, wuta ta riƙa ɗaukewa, noti ya riƙa kwancewa da kansa, alhali shi injin, da yake zanen CG ne, yana nan yana bugawa.

Sai Indiya, wadda ita ce ke riƙe da kasuwar haya a yanzu. Su ma a hannun wasu suka koyi sana'ar. Bajaj ta birnin Pune ta fara da ƙera Vespa da izinin Piaggio, kamfanin da ke da Vespa, sannan ta haɗa gwiwa da Kawasaki a shekarun 1980, kuma Boxer na farko da sunan kamfanonin biyu ya fito. TVS ta yi zama da Suzuki har zuwa 2001. Hero ta yi shekaru fiye da 25 da Honda kafin su rabu. Bambancinsu da Sinawa shi ne kasuwar gidansu. Ba'indiye mai sayen babur tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa lita ɗaya za ta kai shi, hanyoyin ƙauyukansu ba su fi namu ba, zafi da ƙura kuwa kusan ɗaya. Babur ɗin da ya tsira a can ya riga ya ci rabin jarrabawarmu.

Me ya sa Boxer ya kere? Ba don injinsa ya fi na kowa ba. Inji ne mai bugu huɗu, ƙarami, mai sanyaya kansa da iska, ba wani abin mamaki a ciki. Abin da Bajaj ta gane shi ne a nan babur motar ɗaukar kaya ce. Sai ta ba shi doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, kariya mai ƙarfi a baya, shoka mai jure nauyi, da tsayin da zai hana cikinsa dukan ƙasa a hanyar rani da ta damina. Ga kuma rashin shan mai. Da ya yi yawa a titi sai wani abu ya biyo baya wanda ya fi duk waɗannan: kayan gyaransa suka kai kowace kasuwar ƙauye, kuma duk yaron da ya yi shekara biyu a wurin ubangidansa zai iya sauke injinsa ya mayar kafin la'asar. TVS ta bi sahu da HLX, har da wurin cajin waya, kuma akwai garuruwan da ta fi Boxer karɓuwa saboda dillalinta ya riga zuwa. Najeriya ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya, ta yadda duk lokacin da naira ta faɗi sai an ji a lissafin kamfanin a can Pune.

Honda, wadda ke da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, ta ga kasuwa na kufce mata, sai ta fito da Ace CB125 a 2011 a kan kusan naira dubu 100, kuma don farashin ya sauko ta yi amfani da kayan da aka ƙera a Sin. Wato ko mai Honda a yau yana hawa wani kaso na ɗan Caina. Abin da ya biya wa ƙarin kuɗi shi ne idon da ya duba kayan kafin a ɗaura.

Yanzu ga maganar da dillali ba zai faɗa maka ba. Tsakanin Boxer da TVS da Honda Ace da Haojue, tazarar ƙarko ba ta kai tazarar da ke tsakanin mai kula da mashin da marar kula ba. Waɗannan injuna kusan lita ɗaya tak ta baƙin mai suke ɗauka, kuma wannan litar ita ce ke shafe fistin, ita ke shafe giya, a cikinta kuloci yake wanka, ita ce kuma ke taimaka wa iska wajen rage zafi. A watan Afrilu, cikin cunkoson kasuwa, inda iska ba ta kaɗa injin, man nan dahuwa yake yi. Wanda ya ƙara sati biyu a kan lokacin juye, ko ya sayi man awo wanda ba a san asalinsa ba, shi ne zai zo yana cewa kamfanin kaza ya lalace. Man mota ma ba kowanne ya dace ba, domin wasu suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci santsi. Shi ya sa ake duba alamar JASO MA a jikin galan.

Ƙura ce abokiyar gaba ta biyu. Akwai masu cire matacin iska ko su huda shi wai don mashin ya ƙara numfashi. A lokacin hunturu, abin da ke shiga silinda ta wannan hanya yashi ne mai laushi, yana gurzar bango da zobba a kowane bugu. Bayan 'yan watanni sai hayaƙi, sai shan mai, sai a ce a yi ringi. A nan ne na uku ke jira, wato kayan jabu. Shahara tana da nata sharrin: mashin ɗin da ya fi yawa shi aka fi yi wa kayan bogi, a kwali iri ɗaya da tambari iri ɗaya. Boxer ɗin da aka yi wa aiki da fistin da kwanrod (sandar da ke riƙe da fistin) na jabu suna kawai ya rage masa.

Batun cin kuɗi kuwa, lissafi ne, kuma lissafin ya sauya tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A ɗauka babura biyu ne suke aiki iri ɗaya, ɗaya yana shan lita huɗu a wuni, ɗayan biyar. Bambancin lita ɗaya a kwanakin aiki 300 lita 300 ke nan, in an saya a naira 900 ya zama naira dubu 270 a shekara. Ragin da aka yi maka ranar saye zai iya narkewa a gidan mai kafin shekara ta zagayo. Ga mai biyan balas kullum akwai wani lissafin kuma: ranar da mashin ya kwana a wurin gyara ana jiran kaya daga Kano ko Legas, ba a samu ko sisi ba, amma mai mashin yana jiran kuɗinsa. Sannan ranar sayarwa. A ƙauye babur ajiya ce, kamar ɗan bijimin da ake kiwo don ranar buƙata, kuma Boxer na hannu ba ya kwana a hannun dillali, alhali mashin mai baƙon suna sai an yi ta roƙo kafin a taya.

Saboda haka ga mai haya ko mai jigilar buhuna daga gona, na Indiya sun fi cin kuɗinsu, kuma tsakanin Boxer da TVS a duba wanda kayansa na asali suka fi kusa. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke yin 'yan kilomitoci a cikin gari, roba-roba ta kamfani sananne ta wadatar, ba ya buƙatar biyan kuɗin ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba. Wanda ke da niyyar riƙe mashin shekara goma kuma yana juyen mai a kan kari, shi ne zai ga amfanin ƙarin kuɗin Honda ko Yamaha. Doka ma tana shiga lissafin ba tare da sallama ba: da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, da kuma lokacin da aka hana hawa babur a yankin Diffa a 2015, darajar mashin a waɗannan wurare ba ta da alaƙa da ingancin injinsa.

A fagen sabuwar fasaha, sunayen da ke gaba sanannu ne. BMW ce ta fara sa birkin ABS a babur a 1988, wanda ke hana taya ƙamewa ta zame in an taka birki da ƙarfi. Honda ta sa jakar iska a Gold Wing a 2006, ta kuma kawo giya mai canza kanta da kuloci biyu a 2010. Indiyawa ma ba a bar su a baya ba: Bajaj ta sa fulogi biyu a silinda ɗaya a Pulsar tun 2003 don fetur ya ƙone sosai, har ta yi doguwar shari'a da TVS a kan wannan dabara. Yau TVS ce ke ƙera wa BMW ƙananan baburanta, ita ce kuma ta sayi Norton ta Ingila a 2020, yayin da Bajaj ke ƙera wa Triumph.

Tambayar ita ce nawa daga cikin wannan ya iso gare mu, kuma nawa ne za mu iya riƙewa. Tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta sa galibin baburan Indiya suka bar kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska, suka koma fesa mai da kwamfuta. Tsarin yana rage shan mai kuma yana sa mashin tashi da wuri, amma yana son fetur mai tsafta, batir mai rai, da na'urar gano matsala. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka zai iya kashe famfonsa, kuma bakaniken ƙauye ba zai hura shi da baki ya mayar ba kamar yadda yake yi wa kafireto. A wannan ban ga laifin kamfanonin da suka bar mana tsohon tsari ba. Inda nake ganin an rage mu shi ne birki. A Afrilun 2019 Indiya ta wajabta ABS a kan duk sabon babur da ya haura cc 125, ƙananan kuma dole a haɗa birkin gaba da na baya su kama tare. Mu kuwa har yanzu mashin ɗin da ke ɗaukar mutum uku da buhu yana tafiya da birki irin na shekaru 50 da suka wuce, saboda babu dokar da ta tilasta, mai saye kuma ba ya tambaya. Haɗa birki biyun nan ba ya buƙatar kwamfuta ko batir, waya ce da ɗan ƙarfe.

Tsadar fetur ta buɗe wata ƙofa. A Yulin 2024 Bajaj ta fitar da Freedom 125 mai amfani da iskar gas ta CNG, amma amfaninsa ya dogara ga samun wurin ɗura gas, abin da bai wadatu ba a Arewa. Babura masu caji kuma sun fara yawa a manyan garuruwa. Ba su da fistin, ba su da bawul, ba juyen mai, don haka kusan duk abin da ke kashe injin fetur bai shafe su ba. Rauninsu batir ne, shi ne mafi tsada a jikin mashin, ƙarfinsa yana raguwa da kowane caji, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Kamfanoni irin su Spiro, da Ampersand a Ruwanda, sun bi ta wata hanya: batirin nasu ne, direba yana zuwa tasha ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke ya biya. Wannan ya sauke wa direba fargabar mutuwar batir, amma ya ɗaure shi da kamfani ɗaya. Mai tsohuwar CG zai samu fistin a kasuwar Panteka ko da wanda ya shigo da ita ya daɗe da barin kasuwa. Mai babur ɗin musayar batir kuwa, in kamfanin ya rufe tashar garinsu, mashin ɗin ba zai motsa ba ko da sabo ne fil.